Rudu Mai Taya

A watan Fabrairun 2025 na fita da niyyar kwana uku a kan rufin mota tsakanin Aliero da Jega da Maiyama. Biyu da 'yan awoyi na samu na yi. Har yau idan na je Jega, Kawu ba ya kirana da sunana, "na bisa mota" yake ce mini, yaran gida su yi ta dariya.

Aikina rubuta manhaja ne. A lokacin muna haɗa wata 'yar manhajar waya da za ta riƙa nuna wa manoman albasa farashin buhu a kasuwanni daban-daban, sai aka ce in je in zauna da manoman, in ga irin wayoyin da suke riƙewa da wuraren da sabis ke ɗaukewa. Mahaifiyata 'yar Jega ce, amma ni a Abuja nake zaune, kuma na fi shekara huɗu ban kwana a garin ba. Wani abokin aikina yana da tsohuwar 4Runner da ya ɗaura wa tanti a sama. Da ya ji tafiyar, ya miƙo mini makulli ya ce in gwada, ba ruwana da neman masauki.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin kamar faffaɗan akwati ne da ake ɗaurewa a kan kariyar mota. Idan ka tsaya, sai ka cire rigarsa, ka ja tsani, ya buɗe kamar littafi ya zama ɗaki, da katifa a ciki da tagogi masu raga. Akwai mai murfin roba mai tauri da ke ɗagawa sama cikin minti ɗaya ko biyu, akwai na tamfol mai ninkewa, irin wanda aka ba ni, da ke cin kamar minti goma. A Italiya aka fara ƙera shi don sayarwa wajen 1958, daga baya ya samu karɓuwa a Afirka ta Kudu da Ostireliya, inda mutane ke shiga daji da mota su yi kwanaki. Mai sauƙin kuɗi a cikinsu yakan kai dala 1,000, wato kusan kuɗin sabon babur.

Zan faɗi gaskiya, son aiki kaɗai bai sa na karɓi makullin ba. Abin da ya ja ni shi ne tunanin ba zan nemi kowa ba. Ba wanda zai shimfiɗa mini tabarma, ba wanda zai tambaye ni yaushe zan yi aure, ba wanda zan ba wa tsaraba. In ga dama in tsaya, in ga dama in tashi.

Daren farko a bakin wata gonar albasa na yi shi, a wajen Aliero. Lokacin cirar albasa ne, ga tsibi-tsibi an tara, warinta ya cika iska. Ina cikin buɗe tantin manoma suka kewaye ni. Wani dattijo ya zagaya motar sau biyu, ya girgiza tsanin, ya ce, "Yaro, wanga ai rudu na. Taya kawai kuka sa mai."

Kuma gaskiyarsa. Rudu shi ne gadon da ake kafawa bisa dogayen itatuwa a waje, mutum ya hau ya kwana ya huta da zafi da sauro da ƙwarin ƙasa. A Aliero ma da wannan sunan suke kiran rumfar da suke ajiye albasa, a ɗage daga ƙasa don iska ta riƙa ratsa ta kada ta ruɓe. Dabarar da aka sayar wa abokina da dala, kakanninmu sun san ta da kara da itace.

A daren nan na ga amfaninsa. Masu kwana a gona don gadin albasa kullum cikin tsoron kunama da kububuwa suke, ni kuwa ina sama da ƙasa da kusan mita biyu. Sanyin ƙasa bai taɓa ni ba, tururuwa ba ta hau ni ba, ragar ta tsare sauron fadama. Ban nemi wurin da babu ƙaya ko tsakuwa ba, ban buga turke ko ɗaya ba. Katifa da bargo suna ciki tun daga Abuja, bayan motar kuma ya zama na kaya. Na buɗe taga ina kallon taurari, kwamfuta a kan cinya, har na tura aikin ranar, don a saman ma sabis ya ɗan fi kamawa. Na ce a raina, ai shi ke nan, na gama da otal.

Wajen ƙarfe biyu iskar hunturu ta taso. Tamfol ya fara kaɗawa kamar ana dukan buhu, motar tana rausaya duk lokacin da na juya. Ga shi ban lura na faka a ɗan gangare ba, sai zamewa nake yi zuwa gefe guda. Sannan fitsari ya matsa. Sauka daga tsanin ƙarfe mai sanyi cikin duhu, da magagin barci, buta a hannu ɗaya, tocila a baki, ba wasan yara ba ne. Da safe da na ba dattijon labari, ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, in ma na faɗo, garin masu ɗori na zo. Kowa ya san daga nesa ake kawo masu karaya Aliero. Amma na yi tunanin mahaifiyata da gwiwoyinta, da mai ciki, da ƙaramin yaro. Wannan ɗaki ba nasu ba ne.

Sai kuma wata matsalar da ban hango ba. Na so in shiga gari in sayo burodi, ashe motar ba ta motsi sai an naɗe ɗakin. Ka fitar da kaya, ka ninke, ka cusa gefunan tamfol, ka ja rigar da ta sha ƙura, ka ɗaure. Mai tantin ƙasa yana barin nasa a kafe ya tafi ya dawo. Ni gidana da abin hawana sun zama abu ɗaya, in ɗaya zai tafi dole ɗayan ya tashi.

A kan hanya ma yana da haraji. Irin wannan tanti yakan kai kilo 50 zuwa 80, motoci da yawa kuma abin da littafinsu ya yarda a ɗora wa rufi ana tafiya bai wuce kilo 75 zuwa 100 ba, har da nauyin kariyar kanta. Idan mota na tsaye rufin na ɗaukar fiye da haka, shi ya sa mutum biyu ke iya kwana a sama. Amma da gudu, nauyi a sama yana sa mota ta riƙa kwantawa a kwana, kuma duk tirelar da ta wuce ni a titin Sakkwato zuwa Jega sai na ji sitiyari ya fizge. Mai ma ta fi sha, don iska take kokawa da akwatin, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ba mai raina lita ɗaya. Ko ka kwana a ciki ko ba ka kwana ba, kana biya.

Dare na biyu na iso Jega bayan magariba, na faka a ƙofar gidan Kawu. Aka yi murna, aka kawo tuwon shinkafa. Da za a kwanta, Inna ta ce an share mini ɗakin zaure, har ta sa turaren wuta. Na ce a bar shi, ina da wurin kwana a mota, kuma zan yi aiki cikin dare kada in dami kowa. Kawu ya dube ni, ya ce, "To, Allah shi tashe mu lafiya."

Da asuba muna fitowa masallaci, na ji wani maƙwabci yana tambayarsa ko lafiya ɗan ƙanwarsa ya kwana a titi. Kawu bai amsa ba. Sai da muna karyawa ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Garin ga fatake sunka gina shi. Wanda ba mu sani ba ma muna ba shi ɗaki. Mi munka yi maka?"

Ban sami abin cewa ba. Jega tsohuwar kasuwa ce tun ƙarni na 19, a kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Ayari ba ya kwana inda ya ga dama. Akwai zango, akwai mai masauki da ke karɓar baƙo ya tsaya masa. Ko yau ka leƙa tasha da dare za ka ga yaran mota kwance a kan lodin tirela, a sama kamar ni, amma jere suke, ga mai shayi, ga maigadi, kowa ya san motar wane ce. Na ba Kawu haƙuri da baki, amma har lokacin ina ganin tsohon tunani ne kawai.

Dare na uku aiki ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Maiyama, dare ya yi mini. Komawa Jega ba nisa, amma kunyar Kawu ta hana ni. Na ratse daga hanya, na sami gindin wata tsamiya, na buɗe tanti ban gaya wa kowa ba.

Bayan sha biyun dare haske ya tashe ni. Tociloli ne ta ko'ina, da muryoyi, wani yana dukan tsanin da sanda yana cewa in sauko. Makulli na aljihuna, amma kujerar direba tana ƙarƙashina, hanyar zuwa gare ta kuma ita ce tsanin da suke tsaye a gindinsa. Ko da na isa, mota ba ta tafiya da buɗaɗɗen tanti. Wanda ya kwana cikin mota yana iya tayarwa ya gudu. Ni na rataye kaina a wurin da kowa ke gani, da ƙofa ɗaya.

Allah Ya sa 'yan banga ne. Kuma ban ga laifinsu ba. Jihar da aka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri a watan Yunin 2021, aka kai hari Mera ta ƙasar Augie a Nuwamban 2024, idan baƙuwar jif ta ɓuya a gindin itace da wani abu a kanta, dole a tambaya. Na nuna katin aiki, ba wanda ya kalla. Na buɗe manhajar, ba ta dame su ba. Sai babbansu ya ce, "Ɗan wa kake?" Na faɗi sunan Kawu da unguwarsa. Ɗaya daga cikinsu yana kai kaya kasuwar Jega, ya kira wani, wancan ya tashi Kawu daga barci. Muryarsa na ji a wayar yana cewa, "Ɗana na. Ku kai shi wurin mai gari shi kwana."

A zauren mai gari na ƙarasa daren, kan tabarma, sauro na cizo. Da safe aka kawo mini kunu, aka haɗa ni da manoman da na yi wuni guda ina nema jiya.

Ban ce tantin ba shi da amfani ba. Inda aka saba da shi, akwai sansanoni masu shinge da ruwa da ma'aikata, mutum ya biya ya faka, abin tsoronsa kura ce ko maciji, kuma tsayi na maganin wannan. A nan ma zai yi wa mai awon ƙasa ko likitan dabbobi rana, ko wanda ya je bikin kamun kifi na Argungu ya tarar masauki ya cika, matuƙar ya duba nauyin da rufinsa ke ɗauka, ya faka a shimfiɗaɗɗen wuri, kuma kafin ya ja tsani ya je ya gaida mai unguwa. Dattijon Aliero bai gaya mini ba, amma daga baya na tuna cewa duk rudun da na taɓa gani a tsakar gida yake, ko a gonar da kowa ya san mai ita.

Na mayar wa abokina motarsa da tankin mai cike. Da na koma a watan Afrilu don gwada manhajar, motar haya na shiga, da gidan sauro a jaka da ƙwaryar goro. Inna ta sake share ɗakin zauren. Kawu ya leƙo bayan isha'i, ya dubi katifar da ke ƙasa, ya tambaye ni ko in aika yara su kawo tsani.