Abin Da Na Koyo A Cikin Birnin Kano Ran Asabar

 

Yau labarin wata 'yar tafiya zan ba ku, wadda ba ta fitar da ni daga garin da aka haife ni ba. Kunya ce kuwa ta jawo ta. Ana saura kwana uku a ba da hutu, ina koya wa 'yan aji biyar labarin ƙasa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, me ya sa in marini ya tsamo zane daga rami yakan fito kore-kore, sa'an nan ya koma shuɗi?" Na yi shiru. Ga ni da takardar shaidar malanta daga kwaleji, na san sunan kogin da ya ratsa birnin Landan, amma marinar da ake wucewa da ni tun ina goye ban taɓa leƙa ta ba. Na ce mata ta bari sai an dawo hutu. Da na gaya wa kakata, sai ta yi dariya ta ce, "Ashe da sauranki, 'yar boko. Tashi ki je, gani ya kori ji."

Ran Asabar da sassafe, da izinin mahaifinmu, muka fita ni da ƙanwata da 'yan mata biyu na maƙwabta, yayanmu ya raka mu. Dutsen Dala muka fara nufa tun rana ba ta yi zafi ba. Akwai matakala, amma duk da haka sai da muka huta sau biyu. A gindin wannan dutse aka fara zama kafin a yi birni, maƙera suna haƙar tama suna narkawa, kuma nan ne Barbushe ya yi zamaninsa. Daga bisa muka hangi Goron Dutse, da hasumiyoyin babban Masallacin Juma'a, da gidaje iyakar ganin ido, ga shirwa tana shawagi kusa da mu.

Ƙanwata ta ce ina ganuwar? Sai da muka yi ta nema kafin mu ga guntayenta. Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, Sarki Muhammadu Rumfa kuma (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. Magabata sun yi hikima, domin ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, har da filayen noma, saboda in abokan gaba sun tsare ƙofofi mutane su sami abin ci. Yau gidaje sun cinye filayen nan, ruwan sama ya zaizaye badala, a wurare da yawa kuma an ɗebe ƙasarta an yi gini. Na ce wa yaran su kalla da kyau, don su sami abin faɗa wa 'ya'yansu.

Da muka sauko sai muka bi lunguna zuwa Kasuwar Kurmi, wadda ita ma tun zamanin Rumfa take ci. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A layin dukawa muka ga jakunkuna da matasai na fatar akuya, aka gaya mana da 'ya'yan bagaruwa ake jeme ta. Wajen masu kayan yaji na fi daɗewa. Wata dattijuwa da ta zo sayayya ta ga ina juya kimba a hannu ina tambayar sunanta, sai ta ce, "'Yar nan, ke da wa za ki yi wa jego?" Nan take ta lissafa mini abin da ake dakawa a yajin mai jego: citta, da kanumfari, da masoro, da kimba, da barkono. Na ciro littafi na rubuta, tana ta mamaki. Muka sayi gurasa mai zafi, wadda aka gasa a tanderu, aka yi mana bandashe da ƙuli-ƙuli da mai da albasa, muka ci muka sha ruwa.

Kafin azahar muka isa marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta. Muka tarar da wani tsoho zaune a bakin rami, hannayensa sun rine har gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, tambaya ce ta kawo ni, ɗalibata ta kayar da ni." Ya ce, "Madalla da malamar da ba ta jin kunyar tambaya. Matso ki gani."

Ya nuna mana yadda ake haɗa ruwan. Ramin ya fi tsayin mutum zurfi, an shafe cikinsa don kada ya tsotse ruwa. Akan zuba ruwa, da toka, da katsi, watau laka ta gindin tsohon rami da aka ƙona, sa'an nan a zuba baba, ganyen da ke ba da shuni. Sai a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsa shi da muciya har ya yi kumfa. Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗaga. Wallahi kore-kore ya fito, kamar yadda yarinyar ta faɗa, muna kallo kuma ya rikiɗe ya zama shuɗi. Tsohon ya ce, "Iska yake sha. In bai sha iska ba, ba ya kamawa."

Da na koma gida na duba littafin kimiyya, sai na ga maganarsa daidai take. Shunin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa sai ya ruɓa tare da toka. In ya narke sai ya ratsa cikin zare. Da iska ta buge shi sai ya koma yadda yake tun farko, ya maƙale a cikin zaren, wanki ba ya fitar da shi da sauƙi. Shi ya sa marini yake tsomawa yana ɗagawa, kuma yawan tsomawa shi ke sa zane ya yi duhu. Daga nan sai a kai wa mabuga su buge shi a kan gungume har ya yi sheƙi.

Abu biyu suka tsaya mini a rai a wurin nan. Na farko, adon da ke jikin zannuwan, mai kama da wata da taurari, mata ne suke ƙulla shi da zare a cikin gidajensu kafin a kawo rini, ana biyansu. Ashe sana'a ce da mace za ta yi ba ta taka ƙofar gida ba. Na biyu, ramuka masu yawa sun bushe, kaɗan ne ke aiki, domin yadin kanti da rinin kwalba sun fi araha.

Da yamma na zauna ina ba kakata labari, sai ta ce, "To, kin zagaya birni, saura gidanku." Ta ja ni bayan ɗaki inda take da zogale da lalle, da rama da yakuwa a cikin tsofaffin bokitai. Shekara nawa ina cin kwaɗon zogalen nan ban san reshe kawai ake sarowa a kafa da damina ba! Ta ce a huda gindin bokiti, a haɗa ƙasa da kashin awaki, a riƙa zuba ruwan wankin shinkafa, amma ban da mai sabulu.

Sa'an nan ta ce gobe za mu yi alkaki. Jikokinta mata tara ne, ba wadda ta iya, ga shi hannunta ya fara rawa. Muka murje ɓarzajjiyar alkama da mai, muka kwaɓa, muka rufe ta kwana ta yi tsami. Da safe ta sa ruwan kanwa kaɗan, ta nuna mini yadda ake murzawa a naɗe, muka soya, muka tsoma a zuma. Ba ta awo da komai sai tafin hannu, don haka duk abin da ta ɗiba sai in juye a kofi in rubuta. Nawa na farko ya wargaje a cikin mai, na uku ya tsaya. Da ta ɗanɗana ta ce, "Yanzu hankalina ya kwanta." Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

To, 'yan'uwa, shawarata ke nan. Ku 'yan makaranta, kowace ta ware ɗan littafi, duk hutu ta koyi abu ɗaya daga bakin manya ta rubuta, ko tuwo ne, ko saƙar faifai, ko sunan wata bishiya da amfaninta. Wadda aka yarda mata ta fita, ta nemi babba ya raka ta Dala ko Gidan Makama. Ku kuma matan aure da ba ku fita, kada ku ce an bar ku a baya. Uwar miji, da dillaliyar da ke shigo muku, da tsohuwar maƙwabta, kowace tana da abin da ba a rubuta a littafi ba, ran da ta tafi kuwa ya tafi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ni dai na sami amsar da zan kai wa ɗalibata, har da ɗan ƙyallen da tsohon nan ya ba ni. Wadda ta koyi wani abu a wannan hutu ta rubuto mana mu buga, sauran mata su ƙaru. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.