Kujera Ko Gado?

Tun ran da aka fara biyan kuɗi don a ɗauki mutum zuwa wani gari, mazauni ya ke hawa hawa. Dattawan Anka da na Gummi da Bukkuyum ba su manta zamanin manyan motoci ba, sa'ad da mai hali kan ƙara kuɗi ya zauna gaba kusa da direba, sauran jama'a kuwa su hau bodi bisa buhuna, su sha ƙura har Gusau. Jirgin ƙasa, wanda ya biyo ta Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, shi ma ɗaki uku ya zo da su, watau faskila da sikinkila da gama-gari.

Da jirgin sama ya yawaita sai ya gaji wannan al'ada, har ya ƙara a kai. Wajen ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni suka keɓe wani ɗaki tsakanin faskila da gama-gari, suka kira shi ɗakin 'yan kasuwa. A 1992 kamfanin Virgin Atlantic na Ingila da EVA Air na Taiwan suka buɗe wani kuma, ɗakin tsakiya, wanda ya ɗara gama-gari amma bai kai na 'yan kasuwa ba. A shekara ta 2000 British Airways ya sa wa 'yan kasuwa kujerar da ke miƙewa sambal ta zama gado. Tun daga nan bambancin ɗakunan biyu ya fito fili. A ɗakin tsakiya tazarar da ke tsakanin kujera da ta gabanta ta kan kai inci 38, maimakon kamar 31 na gama-gari, mutum ya kishingiɗa amma ba ya kwanciya. A ɗakin 'yan kasuwa kuwa akwai wurin miƙe ƙafa na tsawon kamar ƙafa 6, da ɗakin hutawa tun a filin jirgi, da abinci na musamman. Kuɗinsa sau da yawa ya kan ninka na tsakiya, ko ma fiye.

To, wannan shi ne zaɓin da ya fuskanci wani dattijo mai fataucin hatsi a Anka. Gwiwarsa ta dama ta daɗe tana damunsa, har ya kai ga yin salla a zaune. Yana da ƙane likita a Ingila, wanda ya shirya a yi masa aiki a can, ya kuma aiko da kuɗin ɗakin 'yan kasuwa, zuwa da dawowa. Ya ce masa ta waya, "Yaya, kai ka biya mini makaranta. Ka bar ni in biya maka gado."

Da a ce wata shekara ce ta lumana, da maganar ta ƙare nan. Amma gidan dattijon cike ya ke da dangi waɗanda 'yan fashin daji suka koro daga ƙauye, suka baro gonaki da rumbuna, kamar yadda ya faru ga dubban mutane da suka kwararo cikin Anka a 'yan shekarun nan. Da ya ɗauki alƙalami ya fitar da ratar da ke tsakanin tikitin biyu, sai ya juya ta zuwa abin da ya sani, watau buhun gero. Ya ga ratar za ta ci da waɗannan bakuna tsawon watanni. Ga shi kuma kyauta ce daga ƙane, wanda mai da ita sai ya ji kamar an raina ƙoƙarinsa.

Mashawarta ba su yi wuya ba. Wani abokin cinikinsa ya ce, "Alhaji, mutum irinka a gan shi a baya? Ai iya kuɗinka iya shagalinka." Wani kuma ya ce duk almubazzaranci ne, tun da gaban jirgi da bayansa lokaci guda su ke sauka. Dattijo ya saurari kowa, ya ga dukansu biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Na farko idon mutane ya ke dubawa, na biyu aljihu, ba wanda ya dubi gwiwar da saboda ita a ke tafiyar.

Sai ya zauna ya rarrabe abin da ƙarin kuɗin ke saya. Abinci mai daɗi bai dame shi ba, don mai zuwa asibiti ba ci ya kai shi ba. Ɗakin hutawa na filin jirgi na sa'a biyu ne ko uku. Girmamawar ma'aikata kuwa ta ƙare da zarar an buɗe ƙofa. Abu guda ya rage wanda ba a samu a ɗakin tsakiya ko da nawa, shi ne kwanciya. Ashe tambayar duka ta koma ɗaya: yaushe jikinsa ya ke bukatar kwanciya?

Daga Abuja zuwa Landan tafiyar sa'a 6 ce da 'yan kai. Tikitinsa ya nuna jirgin zuwa da safe zai tashi, na dawowa kuwa da dare. A zuwa, gwiwa na ciwo amma tana lanƙwasuwa, rana ce kuma, ba barci zai yi ba, yana iya tashi ya taka tsakanin kujeru. Mutumin da ya saba zaman mota daga Anka zuwa Gusau, ya bi ta Tsafe da Funtuwa da Zariya da Kaduna har Abuja, wuni guda cur, sa'a shida a kujera mai faɗi ba za ta ba shi tsoro ba. Dawowa ita ce daban. Ko da likita ya sa ya jira makonni kafin ya hau jirgi, ƙafar da aka yi wa aiki ba ta son doguwar naɗewa, don ta kan kumbura, jini kuma na iya daskarewa a jijiya. Bayan saukarsa ga wannan doguwar hanya ta mota tana jiransa, wadda ba a binta sai da rana. Wanda ya kwana a zaune ba zai iya ta da lafiya ba.

Saboda haka ya kira ƙanensa ya ce, "Malam likita, na karɓi kyautarka, amma zan raba ta biyu. Zan je a kujera, in dawo a gado. Abin da ya saura ka yarda in sai wa 'ya'yan 'yan'uwanka gero." Ƙanen ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yaya, yadda ka gani." Haka kuwa aka yi, domin kamfanoni da yawa su kan yarda a haɗa ɗaki biyu a tikiti guda.

Ba kowa ne hukuncin nan zai yi wa daidai ba. Saurayi mai jini a jika ɗakin tsakiya ya ishe shi zuwa da dawowa, gama-gari ma ba zai kashe shi ba. Tsohuwa mai ciwon baya kuwa, in da hali, gado ya kamace ta ko da rana ce, ɗanta kuma bai yi ɓarna ba in ya saya mata. Ma'aikacin da zai sauka da asuba ya wuce taro yana da hujja, muddin ya tuna kuɗin wane ne ya ke kashewa. Ma'aunin dai guda ne. A dubi tsawon tafiya, da dare ne ko rana, da halin jikin matafiyi, da abin da ratar kuɗin za ta yi in ta zauna a gida. Jin daɗin da aka saya don lalura magani ne. Wanda aka saya don ganin ido kuwa asara ce, domin masu idon ba sa cikin jirgin.