INA ZA A ƊAURA AURE, BAKIN TEKU KO BAKIN GULBI?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wata tafiya da na yi zuwa garinmu Kurawa, ta ƙasar Sabon Birni, da abin da ya sa na yi ta.

A kakar 2024 aka sa ranar auren 'yar ƙanena, ni ne kuwa waliyyinta. Angon yaro ne mai ladabi, Bagobiri, yana aikin akawu a Ikko. Da muka zauna shawarar inda za a yi biki, sai magana ta rabu uku. Ango ya durƙusa ya ce, "Baba, abokaina sun ba ni shawara a yi walima a bakin teku, wajen Lekki, domin yanzu haka ake yayi. Turawa ma sukan zaɓi ƙauye mai kyawun gani ko gaɓar teku, su kai bikinsu can." Matan gida suka ce a'a, a kama zauren biki a nan Sakkwato. Inna kuwa, watau mahaifiyarmu, wadda ta haura shekara 80, ta ce ita ba ta san wani wurin ɗaurin aure ba sai ƙofar gidan kakan yarinya a Kurawa, inda aka ɗaura na uwayenta.

Na yi dariya na ce wa ango, yaushe Bagobiri ya koma aron wurin biki wurin Bayarabe, abokin wasansa? Amma cikin zuciyata na ga maganarsa ba ta wofi ba ce, gama son kyakkyawan wuri ba laifi ba ne. Abin da ya dame ni shi ne yaron nan bai san ƙasar ubanninsa tana da nata kyau ba. Rabona da gida kuwa shekara 5, saboda haka na ce gani ya kori ji, bari in je in dubo.

Muka tashi daga Sakkwato da hantsi, muka wuce mararrabar Wurno, garin da kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837. Daga nan sai Goronyo, inda aka datse Gulbin Rima da babbar madatsa, ruwa ya taru har ido ba ya ganin ƙarshensa. Lalle wanda ya tsaya nan da asuba, ya ga masunta cikin kwalekwale da balbelu jere a gaɓa, ba zai yi ƙyashin mai teku ba.

Gaba da Goronyo sai ƙasar Gobir ta buɗe. Lokacin an gama girbi, dammunan gero jingine ko'ina, rumbuna an yi musu sabon yaɓe. Gawo, wanda ya yini tsirara duk damina, ya soma fid da ganye, dabbobi na hutawa a inuwarsa. A fadama kuwa ana dashen albasa da tafarnuwa, kore shar, ga goriba da giginya tsaye bisa gaɓa. Ruwan da ke shayar da fadamun nan daga gulabe uku yake zuwa: Bunsuru da Gagare ta wajen Isa, da Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri, kana ya komo Nijeriya ya haɗu da 'yan'uwansa, suka zama Rima. Ruwa dai bai san iyaka ba, haka kuma zumunta, gama ba gidan da za ka shiga a ƙasarmu ka rasa mai dangi a tsallake.

Ga kuma tarihi. A ƙasar nan kufan Alƙalawa yake, birnin Bawa Jangwarzo, wanda rundunar jihadi ta ci a 1808 zamanin Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya rabu da su ya kafa Sabon Birni. A Isa kuwa Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir kiɗa, har yau ana sauraron muryarsa. To, wace gaɓar teku ce za ta ba ɗan Gobir irin wannan?

Amma fa, ya Edita, gaskiya ɗaya ce, ba zan ɓoye rabinta ba. Tun daga Goronyo hira ta mutu cikin mota, kowa ya koma jan carbi, direba kuwa ba ya tsayawa ko don sayen fura. Ba wanda bai san dalili ba. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyukan Sabon Birni, suka kashe fiye da mutum 60. A watan Disamba na 2021 aka ƙone matafiya cikin motarsu a ƙasar nan. A watan Agusta na 2024, wata uku kafin tafiyata, aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, bayan an sace shi a kan hanya. In mai rawani bai tsira ba, ina batun 'yan rakiyar amarya?

Da na isa gida na tarar da tsamiyar ƙofar gidanmu tana nan yadda na bar ta, amma rabin waɗanda suke zama ƙarƙashinta ba su nan. Waɗansu suna Sakkwato, waɗansu sun ƙetara ƙasar Maraɗi. Na tambayi wani dattijo, abokin mahaifinmu, shawara. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, muna ɗaura aure, ba mu fasa ba. Amma sai da hantsi, a raba goro, kowa ya watse. Amarya kuwa kafin la'asar ake kai ta, ba kalangu, ba guɗa. Kada ka tara mana baƙi daga nesa, ka ɗauki alhakinsu."

Na kwana ina juya maganar nan. Da muna yara, kai amarya sai bayan lisha, 'yan mata na waƙa, tsofaffi na riƙe da fitila, a bi ta gonaki daga wannan ƙauye zuwa wancan, ba abin da ake tsoro sai kura. Ashe wannan ni'ima ce babba, ba mu sani ba.

Da na komo na tara iyali na gaya musu abin da na gani. Na ce wa ango Ikko ta yi nisa, wajen mil 600 ne, kuɗin mota kaɗai zai hana gwaggwanni da kawunnai zuwa, aure kuwa shaidu yake bukata da albarkar manya, teku ba ta cewa amin. Na ce wa Inna gida ya fi ko'ina, amma ba zan kai 'ya'yan mutane inda zuciyata ba ta kwanta ba. Ta yi hawaye, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Aka ɗaura aure a Sakkwato, a ƙofar gidana, sai ga mutanen Kurawa da ke zaman hijira sun cika layi, waɗansu rabonsu da juna shekaru. A ranar na gane cewa kyawun wurin biki mutanen da suka halarta ne.

Saura jan hankali biyu. Na farko ga samari masu ilmi: kafin ku yi sha'awar gaɓar wata ƙasa, ku tambayi tsofaffinku labarin taku, kada kowa ya bar gida gida ya bar shi. Na biyu ga shugabanni, Allah ya taimake ku: in kuna son ma'aunin zaman lafiya a gabashin Sakkwato, ba sai kun nemi rahoto daga ofis ba. Ku tambaya ko an koma kai amarya da dare daga Kurawa zuwa ƙauyukan kewaye, da kiɗa da guɗa. Ran da aka ce muku i, to, aiki ya yi kyau.

Na yi wa ango alkawari in Allah ya kawo wannan rana, ni da kaina zan kai shi da iyalinsa bakin Rima, ya ga abin da ya gada. Allah ya nuna mana, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Bagobiri, Sakkwato.