Wayar da ta kusa raba mu da ƙaninmu

Mu uku ne muka haɗa kuɗi daga cinikin albasa a Mile 12 muka sayi tsohuwar mota, irin wadda ake ce wa tokumbo a nan Legas, a gida kuma a ce 'yar Kwatano. Muka damƙa ta ga ƙaninmu yana kabu-kabu, kullum da dare ya kawo balas. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin mai ya zama abin da muke fara dubawa kafin komai.

Sai lissafin ya fara ƙin fita. Man da yake kai shi kwana uku ya koma kwana biyu da ƙyar. Yaron ya ce, "Wallahi Yaya motar ce ke sha." Mu kuwa muka kalli juna. Babu wanda ya furta kalmar sata, amma babban yayanmu ya fara bin sa gidan mai da kansa, kuma yaron ya gane abin da ake nufi. Ya daina zama cin tuwo da mu.

Laifinmu a nan shi ne, fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke nuna hoton inji ta fi wata biyu tana ci a gaban direba. Ya faɗa mana tun farko, muka ce ai kowace mota a Legas haka take, har ɗayanmu ya ba shi shawarar ya manna mata salatif.

Bakanike na farko ya canza fulogi, ya wanke nozul, babu abin da ya sauya. Na biyu ya ce a fasa tukunyar salansa a zubar da abin da ke ciki, wanda suke kira indomi. Allah ya taimake mu muka ƙi, don daga baya muka ji cewa abin nan shi ke tace hayaƙi, kuma yana da tsada saboda ƙarfe mai daraja da ke jikinsa. Shi ya sa wasu ke saurin ba da shawarar a cire.

Na uku mai aikin waya ne, riwaya, wani dattijo Bayarabe da ya yi zaman Kano, Hausarsa ras. Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, lambobi biyu suka fito: P0131 da P0135. Ya ce duka biyun suna magana ne a kan sensar iskar oksijin ta gaba. Nan take muka ce to a je Ladipo a sayo sabuwa. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, na'ura ba ta ce sensa ta mutu ba. Cewa ta yi saƙo ba ya isowa daidai. Ko mai aiken ne, ko hanyar ce."

Sannan ya yi mana bayani. Sensar a ɗaure take jikin bututun salansa, tana shinshinar hayaƙi tana faɗa wa kwamfutar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Abin da inji ke so shi ne iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1. Irin tamu tana magana da 'yar wuta tsakanin bolt 0.1 da 0.9: idan ta yi ƙasa, mai ya yi kaɗan ke nan, sai kwamfuta ta ƙara. Waya huɗu gare ta, biyu na ɗumama ta don ba ta aiki sai ta yi zafi sosai, ɗaya ta saƙo, ɗaya ta dawowa.

Ya bari injin ya huce, ya zare soket ɗin, ya ɗora mita a wayoyin ɗumamawa ta ɓangaren sensa. Mita ta nuna lafiya lau. Ya kunna makulli ya auna ta ɓangaren mota, inda ya kamata a ga bolt 12, babu komai. Ya buɗe akwatin fis, ga ɗaya a ƙone. Mu har mun fara murna, ya ce fis ba ya ƙonewa don nishaɗi, idan aka sa sabo yanzu shi ma zai bi ɗan'uwansa. Ya kwanta a ƙasa da tocila yana bin wayar da yatsa, taƙi bayan taƙi. Can ya ce mu leƙo.

Wajen da wayar ta ratsa kusa da salansa, robarta ta narke, jan ƙarfen a fili yana gogar ƙarfe. 'Yar maƙalar da ke riƙe ta nesa da zafi babu ita, kuma muka tuna an sauke giya watanni uku baya. Wayar saƙo tana taɓa jikin mota, don haka kullum kwamfuta na jin "mai ya yi kaɗan", ita kuma tana ta ɗura.

Ya ce mun yi sa'a ɓarnar ta ɓangaren mota take. Gajeriyar wayar da ta fito daga jikin sensar ba a son a like ta da dalma, don wasu sensocin ta tsakanin zaren wayar suke shaƙar iskar waje. Ya yanke wajen da ya ƙone, ya sa sabuwar waya mai kauri ɗaya, ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya don kada ya rikita launi, ya sa wa kowace robar nan da ke tsukewa idan ta ji wuta. Salatif zalla, in ji shi, zafin wurin zai sake shi cikin sati. Ya ɗaure wayar nesa da salansa, ya sa fis, ya goge lambobin, muka zaga da motar. A na'urarsa muka ga lambar tana hawa tana sauka, fitilar kuma ba ta dawo ba.

Kuɗin aikin bai kai na rabin tanki ba. Satin da ya biyo baya mai ya koma kwana uku. Daren Juma'a babban yayanmu ya aika aka kira yaron, ya ce masa a gabanmu, "Ƙanena, mun zalunce ka, ka yafe mana." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce ba komai Yaya. Sai da aka yi kwana biyu kafin ya dawo cin tuwo.