Na Koya wa Aljanu Nahawu

A hutun damina da ya wuce, kaye biyu na cika da wani harshe da babu mai jin shi a duniya sai ni. Labarin soyayya na yi niyyar rubutawa, tsakanin wata yarinya mai ɗibar ruwa da ɗan sarkin aljanun da ke zaune ƙarƙashin rijiyar garinsu. Amma da yake ilimin harsuna nake karanta, sai na ce ai aljanu ba su yi Hausa ba. Na ƙera musu baƙaƙe da wasula, na ba su karin sauti hawa uku, na raba sunayensu aji-aji irin na Fulatanci. Har taswirar birninsu na zana, ƙofa bakwai, kowace da mai gadinta.

Da muka koma jami'a, na miƙa wa ƙawata ta ɗaki shafi 30 na farko. Da safe ta aje mini su bisa katifa.

"To, ya kika gani?"

"Ke, nahawun ya yi kyau wallahi. Amma mi ya sa take son shi? Sau guda hwa suka gamu, shi ma jam'in suna yake koya mata."

Na ji haushi, na jawo mata Tolkien. Malamin harsuna ne a Ingila, ya ƙirƙiro Quenya da Sindarin tun kafin *The Lord of the Rings* ya fito a 1954 da 1955. Ta ce, "To ina soyayyar?" Na yi shiru, don labarin Aragorn da Arwen, wadda ta zaɓi mutuwa irin ta ƴan Adam saboda shi, mafi yawansa can cikin rataye yake a ƙarshen littafi. Tolkien bai yi wa kowa alkawarin littafin soyayya ba. Ni kuwa na yi.

Sai ta turo mini *Fourth Wing* na Rebecca Yarros, wanda ya fito a 2023, na karanta shi da Faransanci cikin waya. Akwai dodanni masu fiffike, da makarantar yaƙi, da tarihin wani tawaye. Uban Xaden shi ya jagoranci tawayen, uwar Violet kuma janar ce a ɓangaren da ya kashe shi. Duk abin da ka koya game da ƙasar yana ƙara nuna maka mi ya sa bai kamata su biyun su yarda da juna ba. Taswirata kuwa, ko an yage ta, masoyana ba za su ji komi ba.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa ƙawar tawa ba. Kunya ce ta kai ni ga nahawu. Duk sadda na zo wurin da yarinyar za ta dubi aljanin ta ji wani abu, sai in tuna yayana zai iya karantawa, ƴan ajinmu kuma su ce kaina nake nufi. Sai in gudu in ƙara wata ƙa'ida. Babu mai zolayar ka don ka rubuta jadawalin lamiri.

Na sake rubutawa, kuma cikin ƙa'idodin nan duka guda kawai na bari. Ita ma daga gida na ɗauko ta: kakata har ta rasu ban taɓa jin ta kama sunan kakana ba, "Malam" kawai take cewa. A labarin yanzu, wanda ya kira aljani da sunansa na gaskiya ya mallake shi har abada. Yarinyar ta san sunan. Ranar da danginsa suka zo mayar da shi ƙarƙashin rijiya, kalma guda ta isa ta riƙe shi, amma daga nan bawanta ne, ba za ta ƙara sanin ko don so yake zaune ba.

Na tsaya a nan na ba ƙawata. Ƙarfe biyu na dare ta tashe ni.

"Ke, tashi. Ta kira shi ko ba ta kira ba?"

Har yanzu ban rubuta ba. Kayen nan biyu suna cikin akwati, wataƙila su yi mini amfani a jarrabawa.