Kantin Omar Effendi a Titin Abdul'aziz

Ba zan ɓata lokaci kan jirgi da masauki ba, domin abin da ya tsayar da ni a Alƙahira wani tsohon kanti ne. Na bi Titin Abdul'aziz, inda masu sayar da wayoyin hannu da kayan lantarki suka cika ko'ina, sai ga shi a kan kwana: bene mai hawa 6, da ƙubba, da siffar ƙwallon duniya a can ƙololuwa. Wannan shi ne Omar Effendi. Wani Bafaranshe mai suna Raoul Brandon ne ya tsara shi, aka gina shi tsakanin 1905 da 1906 don kamfanin Orosdi-Back, a daidai zamanin da tsakiyar birnin ke kwaikwayon fasalin Paris. A 1957 gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta mayar da kamfanin mallakar ƙasa, a 2006 aka sayar wa wani kamfanin Saudiyya, a 2011 kotu ta soke cinikin. Masu shi sun yi ta sauyawa, ginin yana nan inda yake. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa hujjar a adana shi, domin siyasar Masar ta shekara ɗari tana rubuce a jikin bangonsa.

Wani zai ce ai ginin baƙi ne, an yi shi lokacin da Turawan Ingila ke riƙe da ƙasar, me za a yi alfahari da shi? Amsar ita ce Misirawa sun daɗe da mayar da shi nasu. Da kuɗinsu ya rayu, kuma rusa shi ba zai goge mulkin mallaka ba, shaidarsa kawai zai ɓatar. Wani kuma zai ce masallatai da fadoji su ne tarihi, kanti kuwa wurin neman riba ne. To, ina talaka ya fi zuwa, fada ko kasuwa?

Duk da haka ban ga abin da zai sa in raina namu ba. Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Muhammadu Rumfa take ci, ta girmi wannan kanti da fiye da shekara 400, kuma taya da albarka sun fi mini farashin da aka liƙa a takarda daɗi. Ina roƙon hukumomi da 'yan kasuwarmu su riƙa gyara tsofaffin rumfuna da kantuna tun ba su zube ba.