Dokar Gida A Wasan Yaƙin Cacar Baka

Duk wanda ya taɓa zama a gindin dara ko karta ya sani cewa kowace unguwa da irin dokarta. Abin da aka yarda da shi a wannan majalisa, in ka kai shi waccan sai a ce ka yi maguɗi. Wannan ita ce dokar gida, watau ƙa'idar da 'yan wasa suka ƙara ko suka rage da kansu bayan wadda mai wasan ya rubuta. A dara ko ludo abin bai cika yin nauyi ba. Amma akwai wasannin dabarun yaƙi na mutum biyu waɗanda aka gina bisa tarihi, su kuwa wanda ya taɓa dokarsu ya taɓa labarin da suke bayarwa. A kansu nake so in yi wa masu karatu magana.

Gyaran doka a irin wannan wasa ba yau aka fara ba. A shekarar 1824 wani hafsan soja mai suna Georg von Reisswitz ya nuna wa manyan hafsoshin Furusiya ta ƙasar Jamus wasan yaƙi a kan taswira, aka karɓe shi don horar da sojoji. Da tafiya ta yi tafiya sai aka ga ƙa'idodinsa da lissafinsa sun yi yawa, har a 1876 wani babban hafsa, Verdy du Vernois, ya fito da salon da ya zubar da yawancinsu, ya bar hukunci a hannun gogaggen alƙalin wasa. Su dai suna da alƙali. Mu da muke zama mu biyu a tsakar gida ba mu da na ukun da zai raba gardama, don haka dokar gidanmu ita ce alƙalinmu.

Wasan da na fi sani shi ne Twilight Struggle, wanda Ananda Gupta da Jason Matthews suka tsara, kamfanin GMT na Amurka ya fitar da shi a 2005. An ciro sunansa daga jawabin kama mulki na Shugaba Kennedy na 1961. Mutum ɗaya yana riƙe da Amurka, ɗayan yana riƙe da Tarayyar Sobiyet, suna jayayya a kan taswirar duniya daga 1945 zuwa 1989. Wasan zango 10 ne, bugun da ya fi yaɗuwa yana da kati 110, kusan kowane kati kuma yana ɗauke da wani al'amari na tarihi, kamar hawan Nasar mulki a Masar, da rikicin Suwez, da shirin Marshall, da juyin Fidel Kastro a Kuba. Ana zuba tasiri a ƙasashe, ana shirya juyin mulki ta hanyar jefa 'yar ƙwayar nan mai fuska shida irin ta ludo, wanda ya ba abokinsa ratar maki 20 kuwa ya ci nan take. Ni da wani abokin aikina, wanda ya girme ni da 'yan shekaru, mun daɗe muna bugawa ran da jarida ta tafi maɗaba'a, ba kuɗi, ba caca.

Abubuwa biyu ne suka sa wasan yake da harbi kamar zuma. Na farko, in katin da ke hannunka na abokin gaba ne, ka yi amfani da ƙarfinsa, to al'amarin da ke jikinsa sai ya auku, abokin gabar ya amfana. Na biyu shi ne tsanin tashin hankali, wanda ake kira DEFCON, mai hawa biyar. Biyar zaman lafiya ne, ɗaya kuwa yaƙin ƙare dangi. Duk juyin mulkin da aka yi a ƙasar da wasan ya sa wa alamar fagen fama yana sauko da tsanin hawa guda. In ya sauka kan ɗaya wasa ya ƙare, wanda kuma abin ya faru a lokacin bugunsa shi ne ya faɗi.

To, dokokin gidan da muka yarda da su iri biyu ne. Iri na farko shi ne na daidaita sikeli. Sanannen abu ne ga masu wannan wasa cewa Sobiyet ta fi ƙarfi a zangunan farko: ita take fara bugu, katin Sin a hannunta yake farawa, katunan farkon zamani da yawa kuma nata ne. Saboda haka aka saba ƙara wa Amurka tasiri 2 kafin a fara, ko kuwa a yi ciniki, kowa ya faɗi yawan tasirin da zai ba abokinsa don a bar masa ɓangaren da yake so. Mu mun zaɓi ƙarin 2 ɗin, sa'an nan muna musayar ɓangare kowane zama. Wannan doka ba ta taɓa labarin da wasan yake bayarwa ba, ta dai hana a san mai ci tun kafin a zauna.

Iri na biyu shi ne na zaman tare. Wasan yakan ci wajen sa'a uku, mu kuwa masu iyali ne. Sai muka ce in an kira salla ko aiki ya taso, kowa ya sa katunansa cikin ambulan ya liƙe, a ɗauki hoton taswirar da waya, a ci gaba wata rana. Muka ce mutum yana iya janye bugunsa muddin ba a jefa ƙwaya ba, kuma ba a buɗe wani kati ba. Muka ce baƙon da ya zo koyo za a gargaɗe shi sau ɗaya in yana shirin jefa kansa cikin yaƙin ƙare dangi, amma a wasansa na farko kaɗai. Waɗannan ba su taɓa jawo mana gardama ba, domin ba su fifita kowa.

Akwai iri na uku, wanda shi ne dalilin wannan rubutu, watau dokar da mutum yake kawowa don ya cire abin da ya yi masa ɗaci. Irinta takan zo ne da zafi, a daren da aka ci mutum. Akwai wani kati na kafa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA. In yana hannun Sobiyet ta buga shi, sai ta buɗe katunanta, Amurka kuma ta sami damar bugu ɗan kaɗan. In tsanin yana kan biyu, Amurka tana iya yin juyin mulki da wannan dama a wani fagen fama na Afirka inda Sobiyet take da tasiri, tsanin ya faɗa kan ɗaya, Sobiyet ta faɗi, domin a lokacin bugunta abin ya auku. Da haka ta sami abokina, sai ya ce, "Haba Malam, kai ka danna, ni na faɗi? Wannan wace irin shari'a ce? A mai da ita wanda ya yi juyin shi ya faɗi." Na ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri, wannan dokar ita ce gishirin wasan." Abin da take koyarwa shi ne cewa a zamanin makaman ƙare dangi laifi yana kan wanda ya buɗe ƙofa alhali ya san abin da ke bayanta. A rikicin makamai masu linzami na Kuba a watan Oktoba 1962, abin da shugabannin biyu suka fi tsoro shi ne su yi wani motsi da zai tilasta wa ɗayan ya mai da martanin da ba ya janyuwa. In aka cire wannan doka, mutum zai riƙa watsa katunansa ba fargaba, fargabar kuwa ita ce yaƙin cacar baka.

Wata dokar irin wannan ta fi wuyar ƙi, domin kishin ƙasa ne ya kawo ta. Nijeriya tana kan taswirar wasan, tana cikin fagagen fama biyar na Afirka tare da Aljeriya da Zayar da Angola da Afirka ta Kudu. Kowace ƙasa an ba ta lambar da ke nuna ƙarfin zaman gwamnatinta. Afirka ta Kudu tana da 3, Aljeriya 2, Nijeriya kuwa 1, watau mafi ƙanƙanta. Yadda ake lissafin juyin mulki shi ne a ninka lambar ƙasa sau biyu, a jefa ƙwaya, a haɗa abin da ta nuna da ƙarfin kati, in jimlar ta zarce ninkin to juyi ya yi nasara. Ke nan da katin da ya fi kowane rauni, mai ƙarfi 1, fuska biyar cikin shida na ƙwayar suna kifar da gwamnatin Nijeriya. Da kati mai ƙarfi 2 kuwa ba ta da mafita ko kaɗan. Abokina ya ce wannan raini ne, a ɗaga lambar zuwa 2, yadda ƙaramin katin nan ba zai yi nasara ba sai a fuska uku cikin shida.

Hujjarsa ba ta banza ba ce. Gaskiya ne an yi juyin mulki a ƙasar nan a Janairu da Yuli na 1966, da Yuli 1975, da Disamba 1983, da Agusta 1985, ban da yunƙurin Fabrairu 1976 wanda aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinsa. Amma waɗannan daga cikin barikokinmu da rigingimunmu suka taso. Daɗin daɗawa, Nijeriya ba ta zauna ana juya ta kamar ɗan dara ba. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ta karɓi jiragen yaƙi daga Sobiyet ba tare da ta koma gurguzu ba. A ƙarshen 1975 ta amince da gwamnatin MPLA a Angola, a Janairu 1976 kuma Murtala ya tsaya a taron ƙungiyar haɗa kan Afirka a Adis Ababa ya ƙi matsin lambar Amurka a kan batun. Wasan bai san da wannan ba, domin a cikinsa ƙasashe biyu ne kawai suke da ra'ayi.

Duk da haka ban goyi bayan ɗaga lambar ba, ga kuma dalilina. Masu tsara wasan sun faɗa a bayaninsu cewa da gangan suka ɗauki tunanin manyan ƙasashen nan biyu tamkar gaskiya ne, har da ɓangaren da tarihi ya ƙaryata. Taswirar tana nuna duniya ne yadda ake hango ta daga Washintan da Mosko. Mai karatu ya dubi wannan ƙa'ida: in tsanin ya sauka kan huɗu an hana juyin mulki a Turai, kan uku an hana a Asiya, kan biyu an hana a Gabas ta Tsakiya. Afirka da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ba su da irin wannan kariya. Ga shi kuma ana tilasta wa kowane ɗan wasa ya nuna ƙarfin soja a kowane zango ko ya yi hasarar maki. Saboda haka duk lokacin da hankali ya tashi tsakanin manya, sai duka ya gangaro kanmu. Wanda ya karanta abin da ya sami Lumumba a Kwango a 1961, ko yaƙin Angola da ya fara a 1975, ya san wannan ba ƙage ba ne. Lambar 1 da aka ba mu tana da ciwo, amma tana gaya wa ɗan Nijeriya yadda aka ɗauke shi a wancan zamani. In muka ɗaga ta za mu ji sanyi a rai, mu kuma rasa wannan sani.

Da yake mu biyu ne ba alƙali, sai muka kafa ƙa'ida a kan yadda za a riƙa kafa doka, muka rubuta ta a takarda muka ajiye cikin akwatin wasan. Na ɗaya, tun ran gini ran zane: ba a kawo doka bayan an raba kati, ba a kuma kawo ta a daren da aka ci mutum, sai an kwana. Na biyu, mai kawo doka ya faɗi ainihin abin da take gyarawa. Na uku, wanda ya kawo ta shi zai fara riƙe ɓangaren da take cutarwa, kamar yadda a gida in yara biyu za su raba nama ɗaya yake yankawa ɗayan ya zaɓa. Na huɗu, a gwada ta zama huɗu, biyu ta kowane ɓangare, in ɗayanmu bai gamsu ba a koma ga littafi.

Da wannan ma'auni muka gwada lambar Nijeriya. Bayan zama huɗu abokina da kansa ya ce ƙasar ta koma tamkar Aljeriya ta biyu, wanda ya riga shiga ya zauna lafiya, rububin da ake yi a kanta a tsakiyar wasa ya ragu, muka mai da ita yadda take. Batun katin CIA kuwa bai kai ga gwaji ba, domin da aka kwana aka ce shi zai fara riƙe Amurka a ƙarƙashin sabuwar dokar, sai ya yi dariya ya ce a bar kaza cikin gashinta.

Wani zai ce duk wannan a kan wasan takarda? To, ni aikina ɗakin labarai ne, na kuwa sha ganin yadda jam'iyya ko ƙungiya take tashi gyaran tsarin mulkinta ana gobe zaɓe, mai gyaran kuma ya riga ya san kujerar da zai zauna. Dokar da mutum zai yarda da ita tun bai san ɓangaren da zai faɗo masa ba, ita ce dokar da za ta zauna. Wanda ke da irin wannan wasa a gida, kafin ya ɗauki alƙalami ya soke wata ƙa'ida, ya fara tambayar kansa ko zai so a soke ta in gobe shi ne a ɗaya kujerar.